Kuran da ke ɗaukewa da an ga hadari, ba mutum ke kashe shi ba

Tun da damina ta kama magana ɗaya ke yawo a fada da zaurukan WhatsApp na Damagaram, wai akwai wata doka da aka sa a ɓoye, da hadari ya haɗo a gabas sai a kashe kuran, wato wutar lantarki, don a rage ƙona gazuwal, wasu kuma su ce a'a Najeriya ce ke latsewa duk sanda ta ga dama. Ta biyun an san tushenta, kowa na tune da Agustan 2023 da aka yanke mana bayan juyin mulki ba a maido ba sai Maris 2024. Amma waccan siyasa ce. Wannan da ƙwan ɗaki zai dushe ya yi ja sannan ya mutu daidai lokacin da iska ta taso, wani abu ne daban.

Doka kam akwai ta, sai dai ba ta ɓoye ba ce. Babbar dokar lantarki ta Nijar ta 2016 ce, hukumar ARSE ke sa ido a kanta, amma abin da ake gardama a kai yana cikin ƙa'idojin tafiyar da layi, waɗanda kusan iri ɗaya ne ko'ina a duniya. Sun shafi masu santral, wato tashar samar da wuta, da kamfanin da ke riƙe da layi wato NIGELEC a nan, da duk mai babban gurup, wato janareto, da ke son jona shi da layin gari.

Ga asalin abin. Damagaram da Maraɗi muna rataye ne da layin kilovolt 132 da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa, ga kuma injinan da ke nan gida. Duk janareton da ke jone da layin nan, na kusa da na nesa, dole su yi juyi da bugu ɗaya, wutar na kai da komo sau 50 a sakan guda, shi ya sa gurup na gazuwal da yawa za ka ga an rubuta 1500 a jikinsu, juyin da suke yi ke nan a minti. Ƙa'idar Najeriya ma cewa ta yi a zauna tsakanin 49.75 da 50.25. Kamar mata uku ne suna lugude a turmi ɗaya, muddin bugu na tafiya daidai lafiya lau, ɗaya ta yi gaggawa kaɗan sai taɓare su gwaru.

To idan reshe ya faɗo kan waya, ko aradu ta faɗa, ko iska ta haɗa waya biyu, ƙarfin wutar layi yakan faɗi warwas nan take, janareto ba shi da inda zai zuba wutar da yake yi, amma injin da ke murza shi bai san an yi ba, yana nan yana turawa da ƙarfinsa, sai juyin ya fara wuce na ƴan uwansa. In an cire wurin da ya lalace da wuri, zai yi ɗan lilo gaba da baya ya dawo sahu. In aka yi jinkiri ya wuce wani mizani ba ya dawowa, daga nan sai wuta mai yawa ta riƙa dukan wayoyin cikinsa, sandar juyin na shan murɗa, ana iya asarar injin gaba ɗaya. Kuma dogon layi irin namu ya fi saurin kaiwa nan.

Wannan mizanin shi ne sharaɗin da mutane ba su gane ba. Lokacin da ake da shi bai kai rabin sakan ba yawanci, a manyan layuka na'urar kariya kan yanke cikin kusan kashi ɗaya cikin goma na sakan. Don Allah wane ma'aikaci ne zai ga hadari, ya ajiye kofin shayi, ya kai hannu cikin wannan lokacin? Na'ura ce ke aunawa ta buɗe dijanktar, wato makunnin da ke yanke layi, da kanta. Shi ma mai santral ba a yarda ya tsere da ya ji ɗan girgiza ba, ana so injinsa ya daure ya tsaya har a share matsalar, don in kowa ya fice a tare garin duka ne zai yi duhu. Amma wanda ya riga ya fita sahu hukuncinsa take ne, a cire shi daga layi ba shawara.

Sai kuma ƙorafin “to tunda iska ta wuce me ya hana a maido?” Ba a mayar da janareto kan layi da ka. Sai ƙarfin wutarsa da saurin juyinsa da lokacin bugunsa sun yi daidai da na layi sannan a rufe, in aka rufe a karkace ɓarnar tana iya fin ta farko. Bayan haka a riƙa ɗora unguwanni kaɗan-kaɗan, domin da an maido kowa firigo da fanka da injin niƙa da na walda duk za su ja a tare, juyin ya sake faɗuwa a koma gidan jiya.

Inda ni nake da ja shi ne wajen rage kaya. Idan wuta ta kasa, juyi ya fara sauka ƙasa da 50 sosai, akwai na'urar da ke sauke wasu layukan unguwa da kanta don a ceci saura, kuma tun tuni aka tsara waɗanda za a fara saukewa. A bar asibiti da fanfunan ruwa, wannan ba mai musu, balle mu da muka san wahalar ruwa a garin nan. Amma na'urar ba ta zaɓe, mutane ne suka zaɓa mata, kuma mai ƙanƙara a Kasuwar Dole da tela mai ɗinkin salla faktir ɗaya suke biya da kowa. A ganina ya kamata a riƙa faɗa wa jama'a tsarin a fili, a kuma riƙa juya shi, rashin bayanin ne ke ciyar da jita-jitar nan.

Masu ƙaramin gurup a gida ku ma akwai naku. Kada a soka shi a soket ɗin bango ba tare da an raba gidan da layin gari ba, a sa makunnin canji wanda in ya buɗe ɗaya ya rufe ɗaya. In ba haka ba wutar gurup ɗinka tana bin waya ta fita, taransifoma ta ɗaga ta zuwa dubban volt, ga ma'aikaci can bisa falwaya yana gyara yana zaton layi a mace yake. Kuma ranar da kuran ya dawo ya tarar da gurup ɗin yana nasa bugun daban, sai dai ka kai shi wajen mai naɗin waya in ma ya gyaru.