Fedar kuloci ta nutse: mai ne, iska ce, ko faranti?

'Yan'uwanmu direbobi masu jigila da Hilux da Hiace tsakanin Jidda da Makka sukan zo mini gareji a sina'iyya, wato unguwar masu gyaran mota, da kuka iri ɗaya. Abin da ke ci mini rai shi ne a sauke wa mutum giyabos, ya biya riyal masu yawa, alhali 'yar roba ce ta mutu. Ga tambayoyin da na fi ji.

Mu'allim, da safe na taka kuloci, feda ta manne a ƙasa ta ƙi dawowa. Faranti ne ya ƙone?

Da wuya, Alhaji. Farantin da ya cinye ba ya hana feda dawowa. A irin motarka mai ne ke aikin, ba waya ba. In ka taka feda, sanda ce ke shiga masta na sama, wato famfon da ke bayan feda, ta matsa mai, man ya bi bututu zuwa na ƙasa da ke jikin giyabos, shi kuma ya tura cokalin da ke raba faranti da inji. Masu sayar da kaya a nan suna ce musu ulba fog da ulba tahat. Buɗe bonet ka duba tankin man. In ya ƙafe, akwai yoyo, domin wannan mai ba ya ƙarewa da kansa. Ɗauki tocila ka leƙa bayan feda, inda sandar ta ratsa bango: in kafet ya jiƙe, na sama ne. In wurin a bushe yake, shiga ƙasa ka ɗaga robar ƙura ta na ƙasa, ka bi tiyo da hannu. A wasu motocin tanki ɗaya kuloci ke sha da birki, don haka kada ka hau titi sai ka san inda man ya tafi.

Mai cike yake, babu ɗigo ko ɗaya, amma feda ta yi laushi, sai na yi ta famfo kafin giya ta shiga.

Ko iska ce a layi, ko robar cikin masta na sama ce ke barin mai yana zamewa baya zuwa tanki. Irin wannan yoyo ba a ganinsa da ido, shi ya sa yake ruɗar mutane. Nemi fili shimfiɗaɗɗe da babu kowa a gabanka, tayar da inji, sa giya ɗaya, danne kuloci har ƙasa ka riƙe kamar minti guda, ƙafar dama tana kusa da birki. In mota ta soma rarrafe ƙafarka ba ta motsa ba, masta na sama ya gama aiki. In ta tsaya cak, a cire iska: mutum ɗaya ya yi famfo ya danne, ɗaya ya kwance notin cire iska na jikin masta na ƙasa da sifana ya ɗaure kafin a saki feda, ana yi ana ƙara mai. In iskar ta dawo bayan kwana biyu, akwai inda take shiga.

Me ya sa abin ya fi tsanani da rana, ko a hawan Hada in za ni Ɗa'if?

Man birki, wanda shi ne ake zuba wa kuloci, yana shan danshin iska, kuma kowa ya san danshin Jidda. Sabon man birki mai lambar DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma in sun sha ruwa sai su sauko wajen 140 da 155. Ga zafin inji, ga cunkoson Ramadan, tsohon mai sai ya yi tururi feda ta yi laushi, in mota ta huce ta dawo daidai. Man da ya koma baƙi a zubar da shi, kuma ni ina ganin duk shekara biyu ya kamata a sauya. Don Allah, ɗan'uwa, kada ka zuba man giya ko na sitiyari don ka rasa na birki a hanya. Na ga direban da ya yi haka, robobin suka kumbura, sai da muka sauya sama da ƙasa har da tiyo.

Ribas yana ƙara in zan sa shi.

Kashe inji ka gwada. In giya ta shiga sumul, giyabos lafiya lau, kuloci ne ba ya saki sosai. Koma kan mai da iska.

To yaushe ne sauke giyabos ya zama dole?

In ka ba ta wuta a hawa inji yana kuka mota ba ta ƙara gudu, ga warin ƙuna, faranti ne ke sulɓi. Ko a nan ma a fara duba ko feda tana da ɗan wasa a sama, domin sandar da aka ɗaure fiye da kima tana toshe hanyar komawar mai, kuloci ya riƙa sulɓi in ya yi zafi. In kuma ƙara kake ji duk lokacin da ka taka feda, boris ɗin kuloci ne, wanda ake kira fahma a nan. Sannan akwai motocin da na ƙasan yake cikin giyabos haɗe da fahma. In ka ga man birki yana ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos, babu makawa sai an sauke. Tunda an sauke, a sa faranti da disk mai matse shi da fahma sababbi gaba ɗaya, kuɗin aikin ɗaya ne.