Ganuwar Katsina da Ƙofofinta

Ganuwar Katsina katanga ce ta jar ƙasa da ta kewaye tsohon birnin Katsina, da gwalalo a bayanta don kare gari daga mahara. Tarihin baka yana danganta ginin babbar ganuwar ga Sarki Ali Murabus a ƙarni na 16, zamanin da fatake daga Agadas da arewacin Sahara ke sauke kaya a birnin. Sanannun ƙofofinta su ne Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Kwaya, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Guga, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi da Ƙofar Marusa. A da, kowace tana da sarkin ƙofa, kuma da almuru ake rufe su.

Ba gidaje kaɗai ganuwar ta rungume ba. An bar fili mai yawa a ciki don noma da kiwo, saboda ko an yi wa gari zobe ba za a rasa abinci ba. Da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo a 1851, ya kiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar mafi yawan cikinta babu mutane, domin bayan jihadi kasuwanci ya karkata Kano, yaƙi da Maraɗi kuma bai lafa ba.

Shigowar Turawa a 1903 ce ta raba ganuwar da aikinta. Ginin ƙasa yaɓe yake so, kuma a da talakawa ke fitowa aikin gayya bayan damina su gyara inda ruwa ya ci. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu. Ruwan sama ya riƙa zaizaye ta, masu gini suka riƙa haƙar ƙasarta suna yin tubali, gwalalon ya koma juji. Bayan ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, birnin ya zama hedikwata, jama'a ta ƙaru, filaye suka yi tsada, gidaje suka haye kan ganuwar kanta. Yau a wurare da dama sai dai ka ga ɗan tudu ja tsakanin shaguna, awaki a kansa. Wannan asara ce babba, kuma sakaci ne ya jawo ta fiye da damina.

Ƙofofin sun fi sa'a. An faɗaɗa su don motoci, an sāke gina su da siminti, sunayensu kuma sun zama sunayen unguwanni da wuraren sauka, har ɗan Keke Napep na kiran "Ƙofar Ƙaura!" ga fasinjan da gidansa ke can bayan inda ganuwar ta tsaya.

A cikin birni, Hasumiyar Gobarau, mai tsawon kimanin mita 15, wadda ake dangantawa da zamanin Sarki Muhammadu Korau, tana nan tsaye duk da ita ma ginin ƙasa ce, don ba a daina yi mata gyara ba. Haka tsohon ginin Kwalejin Katsina, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu: makarantar ta koma Kaduna a 1938, ginin kuma yanzu gidan adana kayan tarihi ne.