Daga "kawo kuɗi tukuna" zuwa haihuwa kyauta: ina aka kwana a Kumasi?

Duk wanda ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase da ke Kumasi a shekarun 1990 ya san zamanin da ake kira kash an kari, wato sai ka biya kafin a taɓa ka. Mace na naƙuda miji na zagaye gidajen 'yan'uwa neman rance, shi ya sa iyayenmu da yawa suka haihu a ɗaki hannun ungozoma, in jini ya ɓalle kuma sai dai Allah ya kyauta.

Duniya dai ta fara ɗaukar maganar mutuwar mata wajen haihuwa da gaske a taron Nairobi na 1987. Mu nan Gana sai 2003 aka fara ɗauke kuɗin haihuwa a yankuna huɗu, aka faɗaɗa zuwa ƙasa duka a 2005, kuɗin gwamnati ya yi ta makara tsarin ya yi ta tangal-tangal. A 2008 gwamnatin Shugaba Kufuor ta maida shi cikin inshorar lafiya ta NHIS, mai ciki ta yi rajista kyauta, awo kyauta, haihuwa kyauta.

To mata fa sun fito. Anan gizo ke saƙar, don an buɗe ƙofa amma ba a ƙara gado ba. Babban ginin masu haihuwa na asibitin Komfo Anokye da aka fara tun shekarun 1970 ya kwashe shekara da shekaru a tsaye ba a gama ba, jarirai suna cunkushe, har sai da 'yan jarida suka tona sannan aka tara kuɗi, Rebecca Akufo-Addo, matar shugaban ƙasa na lokacin, ta buɗe sabon sashen uwa da jariri a 2018. Binciken 2017 ya nuna mata 310 ke rasuwa a duk haihuwa 100,000, alhali burin duniya a sauko ƙasa da 70 kafin 2030. Akwai tafiya wallahi.

Kuma "kyautar" ma da sauranta. Da ƙanwata za ta haihu a wani asibiti, takarda aka miƙo mana, sabulu, safar hannu, magani a saya waje, sannan a nemo mai ba da jini tsakar dare. Nas ɗaya ce kan mata wajen goma, ban ma iya jin haushinta ba. Yaron dai ya zo lafiya, amma yau in ka tambayi ƙanwar tawa inda za ta haifi na biyu sai ta yi shiru tukuna.