Tsara Al'ummomin Tarihi a Wasannin Dabara na Kwamfuta

Tsara al'ummomin tarihi reshe ne na aikin ƙera wasannin dabara, inda ake ɗauko wata daula ko wasu mutane da suka taɓa rayuwa a doron ƙasa, kamar Rumawa ko Mongolawa ko daular Mali, a mayar da su ɓangaren da ɗan wasa zai zaɓa ya ja ragamarsa. Aikin ya haɗa da tantance waɗanda za su shiga wasan, da shugaban da zai zama fuskarsu, da mayaƙansu da gine-ginensu da harshen da za a ji suna yi, sai kuma uwa uba dokokin da za su sa wasa da su ya sha bamban da wasa da maƙwabtansu. Wahalar aikin a wuri guda take: tarihin ƙarni biyar ko goma ake son dunƙulewa cikin dokoki uku ko huɗu da mutum zai karanta cikin rabin minti. Kowace doka kuwa, ko mai tsarawa ya nufa ko bai nufa ba, wata magana ce ya faɗa a kan mutanen.

Asali da bunƙasa

Wasannin da ake wannan aiki dominsu sun kasu manyan gida biyu. Akwai na bi-da-bi, inda kowa ke jiran zagayensa kamar a dara, wanda jerin Civilization ya fi shahara a ciki. Akwai na kai-tsaye, inda kowa ke motsi lokaci guda ba a jiran kowa, kamar jerin Age of Empires.

A Civilization na farko, wanda Sid Meier da Bruce Shelley suka tsara, kamfanin MicroProse ya fitar a 1991, akwai al'ummomi 14, amma bambancinsu bai wuce fata ba: launi, sunayen birane, sunan shugaba, da halin da kwamfuta ke nunawa idan ita ke riƙe da su. Sojan da Bazulu zai horar shi ne Barume zai horar. Age of Empires na 1997, aikin Ensemble Studios, ya zo da al'ummomi 12, kowace da 'yar falalarta. Na biyunsa, wanda ya fito a 1999 da al'ummomi 13, shi ya kafa tsarin da aka fi kwaikwayo har yau: kowace al'umma tana da mayaƙinta na musamman da ake horarwa a kagara, Birtaniyawa da masu dogon baka, Farisawa da giwayen yaƙi, Turkawa da sojojin Janisari masu bindiga. Civilization bai bi sahu ba sai a na uku, a 2001, inda aka shigo da mayaƙi na musamman da ɗabi'u biyu-biyu. Da na biyar ya fito a 2010, kowace al'umma ta samu wata baiwa da babu mai irinta.

Yawa ko zurfi

Hukuncin farko da mai tsarawa ke yankewa shi ne yawan ɓangarori, domin shi ke ƙayyade iya nisan da za a yi wajen bambanta su. StarCraft na 1998, duk da cewa ba na tarihi ba ne, shi ake buga misali da shi: ɓangarori uku kacal, amma babu sojan da ɗaya ya haɗa da ɗaya. Lissafin a fili yake. Ɓangarori uku karawa uku kawai suke haifarwa tsakanin mabambanta. Goma sha uku suna haifar da 78. Arba'in kuwa 780, kuma al'ummomin Age of Empires II sun haura arba'in bayan ƙare-ƙaren da aka yi ta yi masa. Babu tawagar da za ta iya gwada irin wannan adadi in da kowane ɓangare duniyarsa daban.

Shi ya sa wasanni masu al'ummomi da yawa suke gina su a kan ƙashi ɗaya, a sauya tsoka kawai. Age of Empires IV na 2021 ya karkata ɗaya gefen: ya fara da takwas, amma ya zurfafa. Mongolawansa suna iya naɗe gine-ginensu su yi ƙaura da su, Sinawa suna tafiya daga wannan gidan sarauta zuwa wancan, Abbasiyawa kuma ci gabansu a jikin Baitul Hikma yake rataye.

Abin da aka ba su da abin da aka hana su

Sabon shiga falala yake dubawa. Tsohon hannu abin da aka cire yake fara nema, don a nan halin al'umma yake fitowa.

Turkawan Age of Empires II sun isa misali. An ba su ƙarfi wajen amfani da duk wani makami mai albarushi, masu haƙar zinariyarsu kuma sun fi na kowa sauri. Sai aka hana su ɗaga darajar 'yan mashi da masu jifa da ƙananan masu, wato sojoji biyu masu arha da abinci da itace kawai ake biya a samu. Idan wasa ya yi tsakiya, zinariya na shigowa, Janisari na ɓarin wuta, Baturke sarki ne. Idan aka ja lokaci har ma'adinan taswira suka ƙafe, abokin gaba ya dinga turo 'yan mashi rututu, sai ya koma dogaro da dawakai marasa sulke, su kuwa mashi ne ajalinsu. Ba a rubuta wa ɗan wasa ko'ina cewa ya gama yaƙi da wuri ba. Giɓin da aka bari shi ke koya masa.

Wani lokaci tarihi ne da kansa ke tilasta giɓin. Da aka ƙara Aztek da Maya na nahiyar Amurka cikin wasan a shekarar 2000, masu tsarawa sun ci karo da cewa babu doki a ƙasarsu kafin zuwan Sifaniyawa a 1519, alhali kashi mai yawa na wasan a kan mahaya aka gina shi. Mafitar da suka samo ita ce Jarumin Gaggafa, dakare mai gudu wanda ke leƙen asiri da farautar maharba, aikin da doki ke yi wa sauran. A ƙarin nan ne kuma aka kawo Hun, makiyaya, aka ce ba sa buƙatar gina gidaje, amma aka rage musu itace 100 a farkon wasa don kada falalar ta yi yawa.

Civilization ya fi kowa son irin wannan ciniki. A na biyar, Benis ta Italiya ba ta iya kafa sabon birni da kanta, amma hanyoyin kasuwancinta ninki biyu ne na kowa, kuma da ɗan kasuwa take sayen ƙananan birane. A na shida, Mali ƙarƙashin Mansa Musa, wanda hajjinsa na 1324 ya bazu da labarin zinariyarsa, kowace mahaƙa tana ba ta ƙarin zinariya huɗu, amma ana rage mata kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin gina gini da horar da soja. Wanda ya riƙe Mali dole ya daina tunanin ƙera abu ya koma tunanin sayensa. Maori kuwa a tsakiyar teku suke fara wasa, babu ko tudun dafawa. Waɗannan su ne tsare-tsaren da suka fi armashi, don doka ɗaya ta sauya tambayar da ɗan wasa ke yi wa kansa tun daga motsin farko.

Iyakar al'umma

Taswirar wasa tana son iyaka tsaf, tarihi kuwa ba ya bayarwa. A ƙarin Civilization IV na 2007 an tattara 'yan asalin Amurka ta Arewa, masu ɗaruruwan harsuna, an mayar da su al'umma guda ƙarƙashin Sitting Bull. A na biyar an yi Polinesiya da sarkin Hawai, Kamehameha, da mayaƙan Maori, da gumakan dutse na tsibirin Rapa Nui, wurare uku da dubban kilomita na teku suka raba. Daga baya an fi karkata ga rarrabewa. A 2022 Age of Empires II ya warware Indiyawansa zuwa huɗu: Hindustani, Bengali, Dirabidiya da Gurjara. A 2021 an ƙara Habashawa da Hausawa cikin Age of Empires III, kowannensu da sunansa da mayaƙansa, tare da wani sabon nau'in arziki, wato tasiri, da suke tarawa su kashe.

Sai matsalar lokaci. Civilization yana farawa ne a shekara ta 4000 kafin Miladiyya, kuma tun a na farko ana ganin Abraham Lincoln da Amurkawansa suna neman wurin kafa birni kafin a san rubutu. 'Yan wasa sun daɗe da karɓar wannan a matsayin raha. Humankind, na kamfanin Amplitude na Faransa, ya gwada wata hanya a 2021: zamani shida, al'adu 60, ɗan wasa yana iya sauya al'ada duk lokacin da ya shiga sabon zamani. Civilization VII ya fito a 2025 da makamancin haka, zamani uku, inda wanda ya fara da Masar zai iya zarcewa da Abbasiyawa, ko Mongolawa in ya mallaki isassun dawakai. An toshe wata ɓaraka an buɗe wata, domin da yawa daga masu wasa sun koka cewa al'ummar da suka yi rainonta tun tana ƙauye an karɓe musu ita rana tsaka.

Wasannin kamfanin Paradox sun kauce wa rabin matsalar ta hanyar kafa ranar farawa. Europa Universalis IV na 2013 yana buɗewa a 1444 ya rufe a 1821, da ɗaruruwan ƙasashe, kuma ba ya ma riya cewa ƙarfinsu ɗaya.

Shugaba

Fuska ɗaya ta fi sauƙin tunawa da ƙauna da ƙi fiye da tuta, shi ya sa ake sa shugaba. Ba dole ne ya taɓa mulki ba: Mahatma Gandhi bai taɓa shugabancin ƙasar Indiya ba, amma shi ya wakilce ta a Civilization tun daga na farko a 1991 har zuwa na shida. A kansa ne ma aka samu sananniyar tatsuniya cewa wani kuskuren lissafi a wasan farko ya mayar da shi mai son jefa makamin nukiliya. Sid Meier ya ƙaryata labarin a 2020, amma kafin nan masu tsara na biyar sun riga sun saka halin da gangan don barkwanci. Na shida ya ba wasu al'ummomi shugaba fiye da ɗaya, kamar Girka mai Pericles da Gorgo, ya kuma bar Eleanor ta Akitaniya ta ja Ingila ko Faransa, tunda ta yi sarauniya a duka biyun.

Daidaito

Bayan fitar wasa ake sanin gaskiyar tsari. Kamfanoni suna duba yawan nasarar kowace al'umma a wasannin intanet, suna rage nan su ƙara can. Abin da ke dagula lissafi shi ne al'umma ɗaya tana iya zama dodo a taswirar ruwa ta zama abin tausayi a tudu, ko ta gagari sababbi amma ƙwararru su yi wasa da ita kamar ƙwallo.

Tarihi da masu shi

Kurakuran sani ne ko na ganganci, ba sa ɓuya. Rome: Total War na 2004 ya nuna Masar da karusai da shigar zamanin Fir'aunoni, alhali a lokacin da wasan ke magana zuriyar Batlamiyus, 'yan asalin Makidoniya, ke mulki da runduna irin ta Girkawa, na biyunsa a 2013 ya gyara. Rumawan Gabas na Age of Empires II Latin suke yi, duk da cewa Girkanci ne harshen daular a mafi yawan rayuwarta. Mayaƙan mata na Gbeto da aka ba Mali a wannan wasan a 2015 kuwa daga Dahomey aka aro su, masarautar da ta zo ƙarnuka bayan ganiyar Mali, a wata ƙasa daban.

Abin ya fi nauyi idan jikokin mutanen suna raye kuma suna kallo. Kamfanin Firaxis, mai ƙera Civilization, ya shirya saka Pueblo, wasu 'yan asalin Amurka, a ƙarin Civilization V na 2013, da Popé wanda ya jagoranci tawayen 1680 a kan Sifaniyawa, amma majalisar Pueblo ba ta yarda a sa harshenta da shugabanta cikin wasa ba, sai aka janye aka kawo Shoshone. A 2018 aka saka Cree na Kanada da shugabansu Poundmaker cikin na shida, sai Milton Tootoosis, ɗaya daga cikin shugabannin al'ummar da ke ɗauke da sunan Poundmaker, ya fito ya ce ba a tuntuɓe su ba, kuma wasan yana nuna kamar su ma burinsu cin ƙasar wasu ne irin na 'yan mulkin mallaka. Sukan nasa ya wuce batun tufafi ko suna, ya taɓo ginshiƙin wasan. Idan hanyar nasara ita ce faɗaɗa iyaka, da tatsar ƙasa, da hawa tsanin fasaha guda ɗaya wanda matakansa daga tarihin Turai aka fi ɗebo su, to duk wanda aka saka a ciki sai ya yi rawar da kiɗan ya kira, ko kakanninsa ba su taɓa taka ta ba.

Tun daga nan tuntuɓa ta fara zama ɓangaren aikin. Da aka sabunta Age of Empires III a 2020, an sauya sunayen 'yan asalin Amurka biyu, Iroquois zuwa Haudenosaunee, Sioux zuwa Lakota, wato sunayen da mutanen ke kiran kansu. An cire rawar zagaye wuta aka sa dandalin jama'a, an kuma daina sa su haƙar ma'adinai, aka ba su kasuwa da ake ginawa kusa da mahaƙa don samun kuɗi. Wajen shirya Shawnee da Tecumseh na Civilization VII, Firaxis ya zauna da ƙabilar Shawnee da shugabanta Ben Barnes tun kafin a kammala tsarin, har da harshen da za a ji Tecumseh yana magana da shi.