Harajin albashi: na inda ka kwana ne ko na inda ka yini?

Tun da asuba hanyar Keffi ke cika maƙil da ma'aikatan da suka kwana a Mararaba da Masaka, na Suleja da Madalla kuma su kwararo ta Zuba. A Abuja suke aiki, amma iyalansu suna Nasarawa ko Neja. To, harajin da ake zaftara a albashinsu duk wata, rabon wa ne?

Doka ta daɗe da raba gardama: na jihar da mutum yake zaune ne. Asalin maganar tun kwamitin Raisman ne na 1958 kan rabon kuɗin shiga, wanda ya ba da shawarar a bar wa yankuna harajin kuɗin shigar mutane. Don kada yankuna biyu su zura hannu a aljihun mutum ɗaya, aka yi dokar 1961 da ta daidaita tsarin, ta kuma kafa hukumar haɗin gwiwa ta haraji. Lokacin yankuna uku ne kacal. Yau jihohi 36 ne da Abuja, kuma akwai inda gada ɗaya ce tsakanin wannan jiha da waccan.

Dokar soja mai lamba 104 ta 1993 ta riƙe ƙa'idar: a duba inda ma'aikaci yake zaune ranar 1 ga Janairu. Wurin aikinsa ne zai cire kuɗin, ya aika wa hukumar harajin jihar zuwa 10 ga watan da ke biye.

A takarda ke nan. A ofis kuwa, akanta mai ma'aikata ɗari ya fi son ya tattara kuɗin ya miƙa wa hukumar da ke kusa, ya huta. Ma'aikacin ma sau da yawa adireshin da ya rubuta ranar da aka ɗauke shi ne ke cikin fayil, ko da ya yi ƙaura sau uku. A kan haka Ogun ta yi shekaru tana kokawa game da mazauna Mowe da Ibafo masu aiki a Legas, kuma da gaskiyarta, tunda makarantunta da asibitocinta suke cikawa.

Abuja ta samu dokar kafa tata hukumar harajin a 2015. Kafin nan hukumar tarayya ce ke karɓa. Sabbin dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2025 sun yafe haraji a kan naira 800,000 na farko a shekara, amma ba su sauke wa akanta nauyin sanin inda kowa yake kwana ba. Kamfanin da ya kai kuɗin jihar da ba ta da haƙƙi, mai haƙƙin za ta biyo shi bashi, shi kuma ya koma neman a maido masa.