Waiwaye: Yadda aka tace littattafan da Turawa ke rigima a kansu

Shekaru kusan 40 ke nan jami'o'in Amurka da Turai suna ja-in-ja a kan littattafan da ya wajaba ɗalibi ya karanta kafin a ce ya san adabin Turawa. A 1988 Jami'ar Stanford ta sauya darasin al'adun Yamma da take koya wa 'yan aji ɗaya, ta shigar da rubuce-rubucen mata da na waɗanda ba Turawa ba. A 2021 kuma Jami'ar Princeton ta ce mai nazarin tsohuwar Girka da Rum ba dole ne ya koyi Girkanci ko Latin ba. Wasu na kukan ana zubar da gadon kakanni, wasu na cewa da ma gadon tsara shi aka yi, aka bar mutane da yawa a waje. Mai sauraro sai ya ɗauka jerin littattafan ya daɗe a zaune lafiya, jiya-jiya aka taɓa shi. Tarihi bai nuna haka ba.

Yadda ake koyar da zamunnan a aji, a miƙe suke. Ana farawa da Homa, mawaƙin Girka, a wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai marubutan wasan kwaikwayo na Atina, sai Rum da mawaƙinta Firjil. Daga nan a tsallake shekaru kusan 1,000, a ɗan tsaya wajen Dante, mawaƙin Italiya da ya mutu a 1321, a faɗa zamanin farfaɗowa da injin ɗab'i, da Shekisfiya da Sabantis waɗanda suka mutu a 1616. Sai zamanin fifita hankali a ƙarni na 18, mawaƙan shauƙi a farkon na 19, manyan ƙagaggun labaran Ingila da Faransa da Rasha, sannan waɗanda suka wargaza tsohon salo bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

To, a wurin nan da ake tsallakewa da gudu aka yanke hukuncin abin da zai rayu.

Girkawa da Romawa a kan naɗaɗɗiyar takarda suke rubutu, wadda ake yi da wata ciyawar bakin Kogin Nilu. Wannan takarda ba ta jure laima, in ba a sake kwafe ta ba sai ta ruɓe. Zuwa ƙarni na 4 da na 5 littafi mai shafuka, na fata, ya kori naɗi. Fata kuwa tsada gare ta. Wani kwafin Baibul guda ɗaya da aka rubuta a arewacin Ingila a farkon ƙarni na 8 ya ci fatun maruƙa fiye da 500. Da irin wannan kuɗi ba wanda zai kwafe duk abin da ya gada. Abin da ake nema shi ake kwafewa, mai nema mafi girma kuwa malamin makaranta ne. Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san lamarin: littafin da ake biyawa a zaure kowane gida akwai kwafinsa, wanda aka daina biyawa gara ce ke gadonsa.

Alƙaluman suna da ban tausayi. Safokilis, ɗaya daga marubutan wasan kwaikwayo na Atina, ya rubuta wasanni fiye da 120, guda 7 suka iso mana. Eskilos ma 7 ne, cikin aƙalla 70. A hankali makarantu suka taƙaita kan 'yan kaɗan, daga baya a Kustantiniyya aka fi mai da hankali kan wasanni uku-uku na kowane marubuci. Labarin Yuripidis shi ya tona asirin tacewar. Cikin wasanni 19 da ake jingina masa, 10 zaɓin makaranta ne. Sauran 9 sa'a ce ta cece su: wani yanki ne na cikakken kundinsa da aka jera bisa haruffa, ya tsira ta hanyar wani rubutun hannu na ƙarni na 14 da ke birnin Fulorans na Italiya a yau. Da aka duba su sai ga wasannin da ke ƙarewa da murna, har da na barkwanci, abin da zaɓin malamai bai cika nunawa ba. Ke nan fuskar da muka sani ta adabin Girka fuska ce da aji ya gyara.

Masu cewa an bar mata a baya suna da hujja tun daga nan. Malaman Iskandariyya sun tattara waƙoƙin Safo, mawaƙiyar Girka, a littattafai 8 ko 9. Amma karin harshenta ba shi ne wanda ake horar da ɗalibai a kai ba, sai aka daina koyar da ita. Yau layuka kusan 650 suka rage, kuma waƙar da ta iso cikakkiya tun da can ta tsira ne saboda wani malamin balaga ya kawo ta misali a littafinsa. Ba ƙona ta aka yi ba, daina karanta ta kawai aka yi, kuma wannan ya isa.

A ɓangaren Latin ƙofar ta fi ƙunci. A 789 Sarki Sharlaman, mai mulkin Faransa da Jamus na lokacin, ya ba da umarni a buɗe makarantu a gyara littattafai, ya tara malamai irin su Alkuwin mutumin Yok. Ruhubanawa a wurare kamar Tur da Fulda suka duƙufa kan kwafi da wani sabon salon rubutu mai saukin karatu, wanda daga gare shi ƙananan haruffan boko suka samo siffarsu. Rubuce-rubucen Latin da suka rage daga kafin shekara ta 800 ba su kai 2,000 ba, na ƙarni na 9 kaɗai sun kai kimanin 7,000. Yawancin marubutan Rum, kwafinsu mafi tsufa na wannan zamanin ne. Kashin farko na babban tarihin Rum na Tasitus a kwafi ɗaya tak ya rataya. Libi, shi ma masanin tarihin Rum, bai yi wannan sa'a duka ba, littattafansa 35 suka tsira cikin 142. A ƙarni na 10 kuma a Bagadaza, Abu Bishir Matta ya mai da littafin Aristo, masanin falsafar Girka, kan waƙa zuwa Larabci, kuma sharhin da Ibn Rushd ya yi masa aka fassara zuwa Latin a Toledo a 1256. Waɗannan ƙarnoni ne wasu ke kira na duhu.

Shi ya sa nake ganin masu kare tsohon jeri suna kuskure in suka ce cancanta kaɗai ta tsara shi. Tsadar fata da saukin koyarwa da tsautsayi duk sun sa hannu. Amma fargabarsu ba ta banza ba ce, kuma ita ta fi damuna. Cire marubuci daga manhaja bai taɓa zama ƙaramin abu ba. Za a ce yanzu komai yana intanet, ba abin da zai sake ɓacewa. Gaskiya ne kwafi ya yi arha. Abin da ya yi tsada yau shi ne mutumin da zai ɓata shekaru yana koyon harshen da ba a cin kasuwa da shi.

Kuma aikin bai ƙare ba. Minanda na Atina, wanda ya rubuta wasannin barkwanci fiye da 100, ya ɓace tsawon ƙarnoni, sai a 1958 aka buga wasansa ɗaya kusan cikakke daga wata tsohuwar takarda da busasshiyar ƙasar Masar ta adana. Daga jujin garin Bahnasa na Masar, inda aka fara tono a ƙarshen ƙarni na 19, an kwaso guntayen rubutu kusan 500,000, akasarinsu suna ajiye a Oxford. Waɗanda aka karanta aka buga sun ɗan haura 5,000, sauran sai an sami masu jin Girkanci da za su zauna a kansu.