Rangwamen haraji kan kuɗin muhalli a Nijeriya

Rangwamen haraji kan kuɗin muhalli shi ne abin da doka ta yarda a cire daga kuɗin shigar mutum saboda abin da ya kashe kan gidan zama, kafin a lissafa harajinsa. A Nijeriya yana ƙarƙashin Dokar Haraji ta 2025, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, ta fara aiki 1 ga Janairu, 2026.

Ɗan haya yana da damar cire kashi 20 cikin 100 na hayar shekara, amma kada ya wuce naira 500,000. Sai hayar mutum ta kai naira miliyan 2.5 yake cin wannan iyaka. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne, ba daga harajin kansa ake cirewa ba, daga kuɗin da za a ɗora wa haraji ne. Ma'aikacin da ke biyan hayar naira 600,000 za a cire masa 120,000. In yana matakin harajin kashi 15, abin da rangwamen ya rage masa daga harajinsa naira 18,000 ne a shekara. Wanda kuɗin shigarsa bai wuce naira 800,000 a shekara ba kuwa dama ba ya biyan komai, don haka rangwamen bai ƙara masa kome ba. Dole mai nema ya bayyana ainihin hayar da ya biya, kuma hukumar haraji na iya neman shaida. Nan ake samun cikas, domin sau da yawa da baki ake ƙulla haya, a miƙa wa maigida ko dillali kuɗi ba rasit.

Mai gidan kansa ba shi da rangwamen haya. Abin da aka ba shi shi ne cire kuɗin ruwan bashin da ya ci don gina gidan da yake zaune ciki. Ana kuma cire gudummawar Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992.

A Arewa wannan sashe na cire kuɗin ruwan bashi bai cika yin tasiri ba. Da yawa suna guje wa bashi mai ruwa saboda riba, sai su yi gini sannu a hankali da adashe da abin da suka tara, wasu kuma suna gidan gado. Tsohuwar doka tana ba kowane mai biyan haraji rangwame na bai ɗaya, ɗan haya ne ko mai gida. Sabuwar ta soke shi.